Motar Gida: An Mayar Da Batir Cikin But, Mota Ta Daina Tashi Da Safe

A makon jiya na yi alƙawarin za mu ci gaba da maganar taya, to amma ku yi mini afuwa, wani saƙo ya shigo wanda na ga bai kamata ya jira ba. Saƙon ya fito ne daga wani mai karatu a Darini, can yankin Batsari da Safana a yammacin jihar Katsina. Ga abin da ya ce, na ɗan taƙaita:

"Malam, ina da Golf 3 da nake ɗaukar fasinja da kaya zuwa kasuwar Batsari. Mazaunin batirina ya ruɓe saboda ruwan batir ya cinye shi, na kuma sayi batir babba wanda bai shiga wurin ba. Sai wani rewaya ya ce a mayar da shi but. Tun daga ranar ban sake samun kwanciyar hankali ba. Da yamma mota lafiya lau, da safe sai an tura. Na sake batir, na sake altaneta, duk a banza. Ran nan da dare naƙuda ta kama matar ƙanena, motata ce kaɗai a unguwar, na murɗa makulli ta yi ƙas-ƙas ta yi shiru. Sai da muka tashi samari cikin dare suka tura. Allah ya sa an sauka lafiya, amma ni har yanzu gabana faɗuwa yake. Mene ne laifin motar nan?"

Da farko muna yi wa iyalan barka, Allah ya raya abin da aka samu. Sannan ina so mai karatu ya lura, wannan magana ta wuce ta direbobi kaɗai. A ƙauyukanmu mota ɗaya ita ce ta kasuwa, ita ce ta biki, ita ce kuma ta asibiti. Wanda ya san yankin da ke maƙwabtaka da dajin Rugu ya san abin da ake nufi da mota ta mutu a hanya bayan la'asar. Ba mu manta da watan Satumbar 2021 ba, lokacin da aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar Katsina, har da Batsari da Safana. A irin wannan hali ko bakanike ba ka da hanyar kira. Don haka uwargida, ke ma ki karanta, ki kuma miƙa wa maigida.

An bar jaki ana dukan taiki

Mayar da batir baya ba laifi ba ne a karan kansa. Motocin BMW da yawa a but kamfani ya sa musu batir, tsohuwar Volkswagen Beetle kuma a ƙarƙashin kujerar baya nata yake. Har ma akwai amfani, domin zafi na rage wa batir kwana, kuma ka san yadda cikin bonet yake a watan Afrilu da Mayu a Katsina. Bambancin shi ne, kamfani ya yi lissafin kaurin waya da wurin ɗaure ta da hanyar fitar iska kafin ya yi. Mu kuwa sau da yawa da wayar da ta samu ake yi.

Ka ɗauki batir kamar randa, altaneta kamar mai ga-ruwa da ke cika ta, wayoyi kuma su ne hanyar da ruwan ke bi. In ka wayi gari randa ba ruwa, ɗayan uku ne: ko randar ta tsage, ko ruwan ba ya isowa yadda ya kamata, ko wani na ɗiba cikin dare. Mai karatunmu ya sake randa, ya sake mai ga-ruwa, amma ba wanda ya duba hanyar, ba kuma wanda ya yi gadin dare. Ga shi kuwa a ranar da aka yi aikin, batir da altaneta ba su canza ba, hanyar ce aka taɓa. Duk matsalar da ta fara ranar da aka yi wani aiki, a wurin aikin ake fara nemanta.

Abin da za ka buƙata shi ne ƙaramar mitar auna lantarki, irin wadda masu gyaran rediyo da waya ke riƙewa. Kuɗinta bai kama ƙafar na sabon batir ba. In ba ka da ita, ka je wurin rewayan da ke da ita, ka tsaya a kansa ya yi waɗannan gwaje-gwajen a gabanka.

Gwaji na ɗaya: lafiyar batirin kansa

Batirin mota irin na dalma da ruwan asid tsohuwar fasaha ce, wani Bafaranshe mai suna Gaston Planté ya ƙirƙiro ta a 1859. Yana da ɗakuna shida, kowanne na ba da bolt 2.1, jimla 12.6. Ka bar mota ta kwana a kashe, da safe kafin ka taɓa makulli ka ɗora mita a kawunan batir biyu. In ka ga 12.6 ko kusa da haka, a cike yake. In 12.2 ne, rabi ya rage. In ya yi ƙasa da 12, kusan babu komai a ciki.

Daga nan ka sa wani ya murɗa makulli kana kallon mita. Batir mai lafiya da caji bai kamata ya faɗi ƙasa da 9.6 ba yayin tayarwa. In a cike yake amma ya faɗi warwas, batirin ne ya gaji. In kuwa mita ta tsaya a 11 ko sama da haka, amma kik na juyawa da ƙyar ko yana ƙas-ƙas, batirinka ba shi da laifi. Wutar na nan, hanyar isa gaba ce ta ƙuntata.

Gwaji na biyu: cajin yana isowa but kuwa?

Ka tayar da mota, ka kunna manyan fitilu da fanka, ka ɗan ba ta wuta. Ka auna a jikin altaneta: jan tsinken mita a kan notin da babbar waya ke ɗaure, baƙin a jikin ƙarfen altanetar. Ya kamata ka ga tsakanin 13.8 zuwa 14.5. Ba tare da ka kashe komai ba, ka zagaya but ka auna a kawunan batir. In bambancin ya kai rabin bolt ko fiye, altaneta na aikinta, a hanya wutar ke zubewa. Batirin da ke samun 13 kacal ba zai taɓa cika ba, ko da daga Batsari za ka kai Legas.

In a jikin altanetar ma ba ka ga 13.8 ba, kafin ka yanke mata hukunci ka duba abu biyu. Ka taɓa fanbel ka ji ko ya saki. Sannan ka murɗa makulli ba tare da ka tayar ba, ka ga ko jar fitilar batir ta kama a dashbod. A tsofaffin motoci irin su Golf 3, ta wannan fitila da siririyar wayarta altaneta ke samun ɗan abin da za ta fara caji da shi. In wayar ta tsinke wajen aiki, sabuwar altaneta ma sai ta ƙi caji ko sai an taka mota sosai.

A nan zan roƙe ku abu ɗaya. Ku daina yarda a cire kan batir mota na aiki wai don a gwada altaneta. Wannan dabara ta zamanin da ce. A motar da ke da ƙwaƙwalwa, wutar na iya yin tsalle ta ƙone ta, ka je neman gyaran ɗari ka dawo da na dubu.

Baƙar waya: inda gizo ke saƙa

Wuta ba ta aiki sai ta je ta dawo. Jar waya ce ke kai ta, ƙarfen jikin mota kuma shi ne hanyar dawowa zuwa baƙin kan batir. Wannan haɗin shi ne masu gyara ke kira at. A motoci da yawa, baƙar wayar da kamfani ya sa reshe biyu gare ta: ɗaya a jikin mota, ɗaya a jikin inji ko giyabos. Dalili kuwa, inji a kan roba yake zaune, ba ya haɗe da jikin mota sosai, alhali kik da altaneta duk a jikinsa suke.

To idan aka ɗauke batir zuwa but, sai a cire tsohuwar baƙar wayar gaba ɗaya a jefar, a ɗaura wata gajeriya a baya. An haɗa batir da jikin mota, amma an raba inji da jikin mota. Sai wuta ta riƙa neman hanya ta ko'ina, ta wayar kuloci, ta wayar totur, ta ƙananan wayoyin da ba a yi su don wannan nauyi ba. In ka taɓa jin wayar kuloci ta yi zafi ko ta riƙa ƙagewa bayan an yi maka irin wannan aiki, ga dalilin.

Kuskure na biyu shi ne wurin da aka ɗaure baƙar wayar a but. Sai ka ga an maƙala ta a notin kujera ko a wani siririn gwangwani, a kan fenti ko tsatsa. Fenti ba ya wuce da wuta. Dole a sami ƙarfe mai kauri na ainihin jikin mota, a kankare shi da samfefa har ya yi ƙyalli, a ɗaure tamau da noti da washa, sannan a shafa giris a sama don kada tsatsa ta dawo.

Gwajinsa ba wuya. Ka ƙara wa tsinken mita tsawo da 'yar waya, ka sa ɗaya a baƙin kan batir, ɗaya a jikin inji, wani ya murɗa makulli. In mita ta nuna fiye da 0.3, at ɗinka ba shi da kyau. Wanda ba shi da mita, ya sami wayar jona batir mai kauri, ya maƙala bakinta ɗaya a jikin inji, ɗaya a tsabtataccen ƙarfen jikin mota. In kik ya juya da ƙarfi nan take, ka kama ɓarawon.

Jar waya: tsawo na son kauri

Lokacin da batir ke gaba, wayar da ke zuwa kik ba ta fi mita ɗaya ba. Daga but kuwa za ta kai mita huɗu zuwa biyar. Kik na ƙaramar mota na iya jan amfiya 150 zuwa 200 a lokacin tayarwa. Ga lissafin: wayar tagulla mai lamba 16, tsawon mita biyar, za ta cinye sama da bolt ɗaya in amfiya 200 ta bi ta cikinta. Mai lamba 35 rabin bolt za ta ci. Mai lamba 50 ba ta kai haka ba. Saboda haka kada a sa maka ƙasa da 35. Wayar injin walda ta tagulla tana yin wannan aiki da kyau, don tana da kauri tana kuma lanƙwasuwa.

Ka kula da abin da ake sayar maka. Akwai wayar da sanholo ce aka yi wa rufin tagulla. A ido ja ce, amma in ka kankare silin da wuƙa sai ka ga fari, kuma ba ta da nauyi a hannu. Sanholo kusan kashi 60 cikin ɗari na abin da tagulla ke ɗauka yake ɗauka. Wata kuma robar ce mai kauri, silin ciki ɗan kaɗan. Araha ba ta ado.

Sai mahaɗa. Duk inda aka murɗe waya biyu da hannu aka naɗe da salatif, nan wuta ke tsayawa. Bayan ka yi ta murɗa makulli, ka bi wayar da hannu a hankali. Inda ka ji ɗumi, nan ne ciwon. Ka kuma tabbatar wayar altaneta da wayar da ke ciyar da akwatin fis, waɗanda da can a jan kan batir suke haɗuwa, an tara su a wuri ɗaya mai ƙarfi da noti, an kuma rufe shi. Masu sababbin motoci su lura, wasu na da 'yar na'ura a baƙin kan batir da ke gaya wa ƙwaƙwalwar mota yawan cajin da ake buƙata. In aka tsallake ta wajen sauya wuri, caji zai rikice.

Gwaji na uku: wa ke sha cikin dare?

In batir ya cika da yamma amma da safe ya sauka, akwai mai shan wuta. Ka kashe mota, ka zare makulli, ka rufe ƙofofi. Ka juya mita zuwa ma'aunin amfiya 10, ka cire baƙar waya daga kan batir, ka sa mita a tsakaninsu. Kada ka kuskura ka tayar da mota a wannan hali, mitar za ta ƙone. Sababbin motoci sai an ba su kamar rabin awa kafin na'urorinsu su yi barci. Abin da aka saba gani bai wuce 0.05 ba. In ka ga 0.3 ko 0.5, sai ka riƙa zare fis ɗaya bayan ɗaya har lambar ta faɗi. Wanda ka zare ta faɗi, a layinsa matsalar take. In ka zare duka ba ta faɗi ba, ka cire babbar wayar altaneta, domin in wani abu ya ƙone a cikinta takan riƙa tsotsar batir mota na kashe. Ka kuma duba duk abin da aka jona kai tsaye a kan batir ba ta akwatin fis ba.

Kada ka raina ƙaramin ƙwai. Fitilar but mai wat 5 na jan kusan amfiya 0.4, wato kusan amfiya 10 a kwana ɗaya. Batir mai lamba 60 zai koma rabi cikin kwana uku. Kuma but ɗin da ake ɗaure shi da igiya saboda kaya, fitilarsa kan kwana a kunne ba wanda ya sani.

Ga kuma wanda ya fi shafar gidajenmu. Inda babu wutar lantarki, mota ta zama wurin cajin waya. Babbar wayar hannu ɗaya na ɗibar kusan amfiya 2 daga batirin mota kafin ta cika. In goma aka jona daga magariba zuwa asuba, ta maigida da ta uwargida da ta amarya da ta maƙwabta, kusan sulusin batir ya tafi. Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, direbobi sun koma kashe mota a duk tsayawa, wasu har a gangara. Tayarwa ta yawaita, tafiyar da za ta mayar da cajin ta ragu. Batirin dalma kuwa in ya daɗe ba ya cika, wani farin gishiri ke daskarewa a farantansa, daga nan ko an yi caji ba ya riƙewa. Haka sabon batir ke tsufa cikin 'yan watanni a ce jabu ne.

Abin da aka samu a motar Darini

Na aika wa mai karatunmu waɗannan matakai, ya shiga Katsina wurin wani rewaya mai mita. Da safe batir 12.1. A jikin altaneta 14.1, a but 13.0. Da aka duba, baƙar wayar a notin kujera take a kan fenti, inji kuma ba shi da at ko ɗaya, an jefar da tsohuwar. Sannan ga soket ɗin caji da aka jona kai tsaye a kan batir, yara na amfani da shi duk dare. Aka kankare ƙarfe, aka sa sabuwar waya mai kauri daga giyabos zuwa jikin mota, aka mayar da soket ta bayan makulli, aka kai batir ya kwana a caji. Ya ce yanzu a but 13.9 yake gani, kuma murɗa ɗaya take tashi. Tsohuwar altanetar da ya cire, ashe lafiyarta ƙalau. Na ba shi shawara ya nemi ƙaramin faifan sola don cajin wayoyin gida, a bar batirin mota da aikinsa.

Kafin ka rufe but

Ko da motarka na tashi lafiya, in batirinka a baya yake ka duba waɗannan yau.

A sa babban fis a kan jar waya, kusa da batir, kada ya wuce taƙi ɗaya ko biyu daga kansa, kuma girmansa ya dace da kaurin wayar da abin da kik ke ja. Waya mai tsawon mita biyar da ba fis, in ta goge ta taɓa ƙarfe, gobara ce. Duk inda ta ratsa ƙarfe a sa mata zoben roba, a kuma nisanta ta da salansa da bututun mai.

A ɗaure batir da ƙarfe da noti, a cikin akwati mai murfi. A hanyoyinmu masu gargada, batirin da aka ajiye haka kawai zai yi ta tsalle har ya fashe ko ya kife. Fartanya ko jak ko sifana in ta faɗa kan kawunansa biyu, tartsatsi ne. Kada jarkar fetur ta zauna kusa da shi ko da wasa.

Batir na fitar da iskar haidirojin lokacin caji, kuma in ta taru a rufaffen wuri tartsatsi kaɗan ke tayar da ita. A sa masa siririn tiyo da zai fitar da iskar waje. Wannan ya fi zama dole a motocin da but ɗinsu a haɗe yake da wurin zaman mutane. Kada a zaunar da yara kusa da shi, kada a jingina masa buhun hatsi ko garin tuwo.

In za ka taɓa batir, baƙar waya ake fara cirewa, ita ake mayarwa a ƙarshe. In ruwansa ya ragu, tataccen ruwa ake ƙarawa, ba asid ba, ba ruwan rijiya ba. Farin garin da ke taruwa a kawunansa kuwa, ruwan kanwa na wanke shi, sai dai a kula kada ya shiga cikin batirin. In ruwan batir ya fallatsa a ido, a yi ta wankewa da ruwa mai yawa a tafi asibiti.

Shawarata ta ƙarshe, in mazaunin batirinka ne kawai ya ruɓe, mai walda zai ƙera maka sabo a wurinsa na asali, ka sayi batir daidai wurin. Wannan ya fi sauƙi, ya fi arha, ya kuma fi aminci. In kuwa dole sai an mayar da shi baya, to a yi shi da kayan da suka dace. Kuma duk gidan da ke da mai juna biyu da watanta ya kama, ko tsoho marar lafiya, maigida ya riƙa tayar da mota kowace yamma ya ji lafiyarta, ya ajiye ta tana fuskantar hanya, da ɗan mai a ciki.

Wanda ya yi gwajin nan ya rubuto mana a ƙasa lambobin da ya gani guda uku: na safe kafin tayarwa, na jikin altaneta, da na kan batir mota na aiki, tare da irin motar. Zan duba in amsa gwargwadon iko. 'Yan uwa rewayoyi da ke bibiyar filin nan, in akwai abin da na bari ku ƙara mana. Mako mai zuwa in Allah ya kai mu za mu koma kan taya. Allah ya tsare mana hanyoyinmu, ya zaunar da yankunanmu lafiya.